Da Tsohuwar Zuma Ake Magani: Amfanin Adana Irin Wake Na Gargajiya

A Tarai, cikin ƙaramar hukumar Kibiya, da sauran ƙauyukan ƙasar Rano, manomi kan tsarma wake tsakanin kunyoyin gero da dawa. Wanda ya duba da kyau zai ga ba wake iri ɗaya ake shukawa ba. Akwai fari da ja, akwai manyan ƙwaya da ƙanana. A ƙasar Kano, Ɗan'ila ya shahara wajen jure wa fari. Kanannado kuwa ba ya fure sai yini ya fara gajarta a ƙarshen damina, amma yakan ba da ƙwaya manya da harawa mai yawa.

Wannan bambanci ba daga taki ko ruwa kaɗai yake zuwa ba. Asalinsa yana cikin ƙwayoyin gado, watau 'yan mitsi-mitsin sinadaran da ke cikin kowace ƙwayar halitta, waɗanda tsiro ke gadarwa ga 'ya'yansa. Masanin inganta iri ba ya ƙirƙirar hali daga babu. Nema yake yi cikin ire-iren da ke akwai, ya ɗauki garin furen wani ya sa wa wani, sa'an nan ya yi ta zaɓe cikin jikokin har ya dace da abin da yake so.

Labarin wuta-wuta ya isa misali. Wannan ciyawa tana manne wa saiwar wake a ƙarƙashin ƙasa, ta riƙa tsotse ruwa da abinci. Kafin ta ɓullo fili, ta riga ta gama ɓarna. An gwada ire-iren wake masu yawa, sai aka tarar da wani na gargajiya daga ƙasar Botswana, mai lamba B301, wanda ba ta iya kamawa. Ƙwayarsa ƙanana ce, ba wadda za ta yi daraja a kasuwar Dawanau ba. A shekarar 1990, Dokta B. B. Singh na cibiyar IITA da Farfesa A. M. Emechebe na Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, Zariya, suka nuna cewa ƙwayar gado guda ɗaya ce ke ba shi wannan kariya. Aka yi ta aurar da shi ga ire-ire masu farar ƙwaya, har aka samo wanda aka fitar wa manoman Nijeriya a 2008 da sunan SAMPEA 10.

Sai dai ita ma wuta-wutar jinsi-jinsi ce. A Zakpota, cikin Jamhuriyar Benin, an sami wadda take kama B301 ɗin kansa. Ashe ke nan iri ɗaya, komai kyansa, ba ya wadatarwa. Domin haka ne IITA ta tara ire-iren wake fiye da 15,000 a rumbunta na Ibadan.

Rumbun ma yana bukatar majingina. Cibiyar ICARDA ta adana ire-iren ful, waken nan da Misirawa da Sudaniyawa ke karya kumallo da shi, a kusa da birnin Halab na Siriya. Da yaƙi ya raba masana da wurin, sai a 2015 suka karɓo ajiyar da suka kai rumbun Svalbard, can cikin ƙanƙarar Norway, suka sake shukawa a Labanan da Maroko.

To, ina abin ya shafi ɗalibi? Duk lokacin da manomi ya karɓi sabon iri ya watsar da na kakanninsa, wasu ƙwayoyin gado na iya ɓacewa har abada. Malamai na iya sa ɗalibai su tattaro ire-iren waken garinsu, su rubuta sunan kowanne da halinsa daga bakin dattawa, su shuka a lambun makaranta, su gwada ranar fure da yawan kwanso. Wataƙila maganin annobar gobe yana cikin wani tulu a ɗakin wata tsohuwa a Tarai.