Matasa da lafiyar ƙwaƙwalwa: amfanin fitowa fili a yi magana

A yau shirin zai duba abin da bincike ya gano game da matasan da ke fitowa fili suna maganar damuwar da ke cin su a rai, da yadda hakan ke rage tsangwama.

Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya, wato WHO, sun nuna cewa a cikin kowane yara bakwai masu shekaru 10 zuwa 19, ɗaya na fama da wata lalura ta ƙwaƙwalwa, galibi ciwon damuwa ko yawan fargaba. Kusan rabin irin waɗannan lalurori kan fara ne kafin yaro ya wuce shekaru 14, amma akasari ba a gano su, balle a yi magani. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne tsoron bakin mutane. Mu a wajenmu an ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, kuma da zarar an ji yaro ya ga likitan ƙwaƙwalwa, sai a fara raɗe-raɗin ya taɓu. To wace yarinya ce za ta yarda a yi mata wannan tambari tun kafin ta yi aure?

Shin ita maganar kanta tana da wani tasiri a jiki? A shekarar 2007, Matthew Lieberman da abokan aikinsa na Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles sun ɗauki hoton ƙwaƙwalwar mutane yayin da ake nuna masu fuskoki masu fushi ko tsoro. Sun lura cewa da mutum ya kira abin da sunansa, wato ya zaɓi kalmar fushi ko tsoro, sai wani ɗan sashe na ƙwaƙwalwa mai suna amigdala, wanda ke kaɗa ƙararrawar haɗari, ya rage aiki. Wato dai faɗin sunan abin kaɗai yana ɗan sanyaya shi.

Wani babban gwaji a makarantu kuwa a nahiyar Turai aka yi shi, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Danuta Wasserman ta cibiyar Karolinska da ke Suwidin, aka kuma buga sakamakon a mujallar Lancet a 2015. Ɗalibai sama da dubu 11 ne suka shiga, daga makarantu 168 a ƙasashe 10. An ware wasunsu aka sa su cikin wani shiri mai suna YAM, na sa'o'i biyar kacal cikin makonni huɗu, inda ɗaliban ke tattaunawa da junansu, suna ɗan wasan kwaikwayo a kan cin zali da rikicin gida da yadda za ka taimaki abokin da ya shiga ƙunci. Bayan shekara guda, yunƙurin kashe kai a tsakanin waɗanda suka shiga shirin bai wuce kusan rabin na waɗanda ba su shiga ba.

Sai dai fa akwai sharaɗi. A 2012 Patrick Corrigan na birnin Chicago ya tattara bincike 72 a kan yaƙi da tsangwama. Ya gano cewa babba ya fi sauya ra'ayi idan ya zauna ido da ido da wanda ya taɓa fama da lalurar, amma matashi ya fi sauyawa idan aka ba shi sahihin bayani. Ke nan hira tsakanin abokai ba ta wadatar sai an haɗa da ilimi, sannan yaro ɗan shekara 15 ba likita ba ne. Idan abokinka ya ce maka ya gaji da rayuwa, wannan ba sirrin da za ka riƙe ba ne, maza ka sanar da wani babba da ka amince da shi.

Su ma dokoki sun fara sauyawa. Masu sauraronmu na zangunan Accra da Kumasi za su tuna cewa a 2023 majalisar dokokin Ghana ta cire yunƙurin kashe kai daga jerin laifuka, domin wanda ya shiga wannan hali ya nemi asibiti ba tare da tsoron kurkuku ba.

Saura ku iyaye. Idan kun ga yaro ya daina cin abinci, barci ya gagara, ya janye daga abokansa har tsawon makonni biyu, ku zaunar da shi ku tambaye shi, ku saurara kafin ku yi faɗa. Likitoci sun tabbatar cewa tambayar yaro kai tsaye ko yana tunanin cutar da kansa ba ta cusa masa tunanin. A yi masa addu'a, a kuma kai shi asibiti, ɗaya ba ya hana ɗaya.

To jama'a, a nan za mu dasa aya. Sai kuma mako na gaba idan Allah Ya kai mu, a huta lafiya.