Ruwan Gwaji Daban, Jini Daban: Bayani Ga Masu Ciwon Suga A Cikinmu

'Yan'uwa fatake da dillalai! Da yawanmu yanzu muna yawo da na'urar awon suga a aljihu, daga Damagaram zuwa Maigatari har Ikko. To, akwai wata 'yar kwalba mai ruwa ja ko shuɗi da ake saye dominta, ita ce ruwan gwaji. Ruwa ne da aka zuba wa suga a kan ƙa'ida, don a gane ko na'urar da 'yan takardun da ake ɗiga jini a kansu suna faɗin gaskiya. Mu kuwa mun fi kowa bukatarsa, domin takardun ba sa son zafi, ga shi kayanmu a gaban tirela suke yini.

Ana ɗiga shi kamar jini, sai a gwada lambar da ta fito da wadda aka buga a jikin gwangwanin takardun. In ta faɗa tsakani, lafiya lau. Amma a kula, wannan lamba ta ruwan ce, ba ita ake so jininka ya nuna ba.

Ga inda matsalar take. Na'urar tana ajiye duk awon da aka yi, tana fitar da matsakaici na kwana 7 ko 14 ko 30. In ta ɗauki ruwan gwaji a matsayin jini, lissafi ya gurɓace. Ni kaina ya taɓa faruwa da ni: yarona ya gwada ta sau huɗu a hanya, likita ya duba ya ga suga ya hau, saura kaɗan ya ƙara mini magani.

Yaya take bambancewa? Wata 'yar wutar lantarki take turawa cikin ɗigon. Jini yana da kauri da jajayen ƙwayoyi masu rage wa wutar gudu, ruwan gwaji kuwa babu su, saboda haka amsar ba ta zuwa iri ɗaya. Wasu na'urorin, kamar Contour, da kansu suke ganewa su sa alama su ware shi. Wasu kuwa sai ka danna maɓalli ka shaida musu. A tambayi mai kemis tun wajen saye.

Kowane kamfani da ruwansa, kada a haɗa. Kuma a rubuta ranar da aka buɗe kwalba a jikinta, domin yawancinsu bayan wata 3 zubarwa ake yi.