Takardar Ingancin Makamashi: Shaidar da Doka ke Nema Kafin a Sayar da Gida a Ingila

A Ingila da Wels doka ba ta yarda mai gida ya kai gidansa kasuwa ba sai ya nemi wata takarda da aka fi sani da EPC, wato takardar shaidar ingancin makamashi, wadda ke bayyana gwargwadon gas da lantarkin da ginin ke buƙata domin ɗumama ɗakuna, samar da ruwan zafi da kunna fitilu. Dalilin wannan doka yana tattare da yanayin ƙasar, domin hunturu yana da tsawo, kuma ɗumama gida shi ne ke cinye kaso mafi girma na makamashin da iyali ke saye a shekara. Gidaje biyu na iya kasancewa a layi ɗaya, girmansu ɗaya, fentinsu ɗaya, amma guda yana riƙe ɗumi yayin da ɗayan ke barinsa ya tsere ta bango da rufi da tagogi, bambancin da idon mai saye ba zai iya kamawa ba a ɗan zagayen da dillali zai yi da shi.

Tushen takardar yana cikin wani umarni da Tarayyar Turai ta zartar a 2002, wanda ya wajabta wa ƙasashenta su samar da hanyar auna ingancin makamashin gine-gine. Ingila da Wels sun fara aiki da ita a watan Agustan 2007, da farko a kan gidaje masu ɗakunan kwana huɗu ko fiye, a matsayin ɓangare na wani kundin bayanai da aka tilasta wa mai sayarwa ya haɗa, sannan a 2008 aka faɗaɗa ta zuwa gidajen haya. Gwamnatin David Cameron ta dakatar da kundin a watan Mayun 2010 bayan koke-koken dillalai game da tsadarsa, amma ta bar takardar makamashin, kuma ficewar Birtaniya daga Tarayyar Turai a 2020 ba ta kawar da ita ba.

Wanda ya taɓa lura da tsanin launukan da ake mannawa a jikin sabon firji zai gane takardar da kallo ɗaya, domin tana jera gidaje daga ajin A mai launin kore zuwa ajin G mai launin ja, bisa makin da ke farawa daga 1 zuwa 100. Ajin A yana buƙatar maki 92 zuwa sama, ajin C yana tsakanin 69 da 80, ajin D tsakanin 55 da 68, shi kuwa G ya tsaya daga 1 zuwa 20. Tsofaffin gidaje da yawa a ajin D suke faɗawa, sababbi kuwa galibi B suke samu. Takardar tana nuna maki biyu, wanda gidan yake da shi a yanzu da wanda zai iya kaiwa idan an yi masa gyare-gyaren da aka lissafa, tare da kimanin kuɗin kowane gyara da rarar da zai kawo a shekara.

Yadda ake samar da makin shi ne abin da ya fi cancantar a fahimta, domin a nan ne ƙarfin takardar da rauninta suke. Wani ma'auni mai lasisi ne ke zuwa gidan, ya shafe abin da yawanci bai wuce awa ɗaya ba yana auna faɗin ɗakuna, yana duba shekarun ginin, irin bangon, tukunyar ɗumama ruwa, tagogi da ƙwayayen fitila, sannan ya leƙa tsakanin silin da rufi domin ya ga kaurin shimfiɗar tare ɗumi, wadda a yau ake ba da shawarar ta kai milimita 270. Bango yana da muhimmanci ƙwarai, saboda gidajen da aka gina kafin wajajen 1920 yawanci bangonsu cushe yake da bulo, kuma yana sakin ɗumi da sauri, alhali waɗanda aka gina bayan haka suna da bango biyu da rata a tsakani, ratar da ake iya cikawa da abin tare ɗumi a kan kuɗi mai sauƙi. Sai dai ma'aunin ba ya fasa bango, ba ya kuma ɗaga daɓe, saboda haka duk abin da bai gani da idonsa ba, kuma ba a nuna masa takardar shaidarsa ba, manhajar kwamfuta ce za ta ƙaddara shi bisa shekarun ginin. Mai gidan da ya kashe kuɗi ya cika ratar bangonsa, ya kuma yar da rasit da takardar garanti, yana iya ƙarewa da makin wanda bai taɓa yin gyaran ba.

Ƙa'idodin da suka hau kan mai sayarwa ba su da yawa. Dole ne ya nemi takardar kafin a fara tallar gidan, a yi ƙoƙarin samunta cikin kwana 7, da ƙarin kwana 21 idan an samu cikas, kuma dole ne ajin gidan ya bayyana a cikin talla. Tarar rashin bin dokar fam 200 ce a kan gidan zama, takardar kuwa tana aiki har shekara 10, kuma ana ajiye ta a rajistar gwamnati ta intanet inda kowa ke iya duba ta kyauta. Wuraren ibada da gine-ginen da ke tsaye su kaɗai waɗanda ba su kai murabba'in mita 50 ba suna cikin waɗanda aka ɗauke wa. Abin lura shi ne, babu ajin da ke hana a sayar da gida, ko da G ne.

A ɓangaren haya ne takardar ta fi ƙarfi. Tun daga Afrilun 2018 an hana ba da sabuwar hayar gidan da bai kai ajin E ba, a Afrilun 2020 kuma dokar ta haɗa da hayar da ake ciki, ko da yake ba a tilasta wa mai gida ya kashe fiye da fam 3,500 wajen gyara ba. Faransa, wadda ita ma take da irin wannan takarda, ta fi haka tsanani, inda tun Janairun 2025 aka haramta ba da hayar gidajen ajin G, na ajin F kuma za su bi a 2028. Wannan ya sa mai sayen gida domin ya zuba 'yan haya, ciki har da 'yan Najeriya da Nijar da Ghana mazauna waɗannan ƙasashe, yake kallon harafin a matsayin kuɗin da zai cire daga tayinsa, kuma tashin farashin gas na 2022, bayan ɓarkewar yaƙin Rasha da Yukiren, ya sa masu sayen gidan zama su ma suka fara kula da shi.

Duk da haka, kuskure ne a ɗauki makin a matsayin hasashen abin da iyali zai biya. Lissafin yana ƙaddara adadin mazauna da awannin ɗumama iri ɗaya ga duk gidaje masu girma ɗaya, ba ya kuma haɗawa da lantarkin firji, talabijin ko injin wanki. Wani rauni da masana suka daɗe suna nunawa shi ne, babban makin a kan tsadar makamashi aka gina shi, kuma da yake lantarki ya fi gas tsada nesa ba kusa ba a Birtaniya, gidan da ya cire tukunyar gas ya sa na'urar zuƙo ɗumi daga iskar waje, wadda ta fi rage hayaƙi mai gurɓata yanayi, yana iya ganin makinsa bai motsa ba ko ma ya ragu. Haka kuma takardar da ta shekara 9 tana iya bayanin gidan da aka riga aka sauya wa tagogi da tukunya.

Saboda haka mai sayarwa da ya yi gyara bayan takardarsa ta ƙarshe zai fi cin riba idan ya tara rasit-rasit ya kira ma'auni ya sake aunawa, mai saye kuwa ya kamata ya duba ranar da aka ba da takardar, ya karanta wuraren da aka rubuta cewa ƙaddarawa aka yi, sannan ya nemi ganin takardun biyan gas da lantarki na shekara guda kafin ya yi tayi.