Makaranta, gari da filin wasa: misalin lise ɗin Milan a jahar Indiyana ta Amurka

Gabatarwa

Masu nazarin tarihin ilimi sun fi mai da hankali ga manhaja, jarrabawa da horon malamai, su bar filin wasa a gefe. A cikin wannan ƙasida muna son mu nuna cewa akwai wuraren da filin wasa ne ke ɗaure makaranta da garinta. Misalin da muka ɗauka shi ne makarantar gwamnati ta Milan, wani ɗan gari na gundumar Ripley, a kudu maso gabashin jahar Indiyana ta ƙasar Amurka. Mutanen wurin suna cewa Mailan, kuma bai haɗa kome da birnin Italiya ba sai suna. A shekara ta 1954 wannan makaranta mai ɗalibai 161 ta ci kofin ƙwallon kwando na jahar baki ɗaya. Amurkawa suna kiran abin mu'ujiza. Mu kuwa muna ganin tsari biyu ne suka buɗe masa hanya: makarantar da gari ke riƙe da ita, da kuma gasa guda wadda kowa ke shiga. Za mu bayyana su bi da bi, sa'an nan mu duba abin da ya faru bayan da aka sauya su.

Za mu yi amfani da kalmar lise don sauƙi, ko da yake makarantar da muke magana a kanta ta ƙunshi aji huɗu na ƙarshe kafin jami'a, wato na ƴan shekara 14 zuwa 18.

1. Makaranta mallakar gari

A tsarin da muka gada daga Faransa, ma'aikatar ilimi ce ke buɗe lise, ta turo malamai, ta biya su. A Amurka abin yana hannun hukumomin wuri. A karkarar Indiyana ta farkon ƙarni na 20, kowane ƙaramin yanki yana da zaɓaɓɓen wakili mai kula da makarantu, kuma harajin gidaje da gonakin mazauna yankin ne babban tushen kuɗin makaranta. Wannan ya sa kusan kowane ɗan gari ya mallaki lise nasa, ko da ɗalibansa ba su kai ɗari ba.

Ƙwallon kwando ya dace da irin waɗannan makarantu. James Naismith ya ƙago shi a shekara ta 1891 a jahar Masacusets, kuma cikin ƴan shekaru ya iso Indiyana. Mutum biyar sun isa su kafa ƙungiya, alhali ƙwallon ƙafa irin na Amurka yana bukatar goma sha ɗaya da kaya masu tsada. Ana yin sa cikin ɗaki a lokacin sanyi, tsakanin girbi da shuka, lokacin da ƴaƴan manoma ba su da aikin gona mai yawa. Daren Juma'a sai ya zama daren wasa, gari duka ya taru a zauren makaranta. Garuruwa suka shiga gasar gina manyan zaure: wanda garin New Castle ya buɗe a shekara ta 1959, a lokacin yana ɗaukar mutum fiye da 9,000. Masana zamantakewa Robert da Helen Lynd, a cikin nazarinsu na birnin Muncie mai suna Middletown (1929), sun riga sun lura cewa ƙungiyar lise ce ta zama cibiyar kishin birnin.

2. Gasa guda ga kowa

An kafa hukumar wasannin lise ta jahar a shekara ta 1903, aka fara gasar ƙwallon kwando a 1911. Ƙa'idarta mai sauƙi ce: kowace makarantar da ke cikin hukumar tana shiga, ba a duba yawan ɗalibanta ko sakamakonta na shekara, kuma wadda aka ci sau ɗaya ta fita. A shekara ta 1938 makarantu 787 suka shiga. A zamanin da muke nazari ana bin hawa huɗu: gasar maƙwabta a wuri 64, ta yanki a wuri 16, ta kusa da ƙarshe a wuri 4, sa'an nan ƙungiyoyi huɗu da suka rage su haɗu a birnin Indiyanafolis.

Ga yawancin ƙananan garuruwa, hawa na farko shi ne muhimmi, domin nan ne ake haɗuwa da babban garin gunduma. Ƙauyen da ya kada babban gari sau ɗaya yakan shekara da shekaru yana ba da labari.

3. Shekarar 1954

Milan ya girma ne a bakin layin dogo tun tsakiyar ƙarni na 19, kuma a 1954 mazaunansa ba su kai 1,200 ba. A shekara ta 1952 aka sallami mai horar da ƙungiyar, Herman Grinstead, don ya sayi sababbin rigunan wasa ba da izini ba, aka ɗauko Marvin Wood, saurayi ɗan shekara 24. Wood ya hana mutanen gari shiga kallon horo, abin da ya ɓata wa da yawa rai, domin a ganinsu ƙungiyar tasu ce. Ya kuma koya wa yaran wata dabara da aka yi wa laƙabi da wasan kyanwa da kusu: su warwatsu a fili, su riƙe ƙwallo, su jira har abokin karawa ya gaji ya buɗe hanya. Dokar wasan lise ta lokacin ba ta ƙayyade tsawon lokacin da ƙungiya za ta riƙe ƙwallo ba.

Ya kamata mu lura cewa nasarar ba daga sama ta faɗo ba. Tun a 1953 Milan ta kai cikin huɗu na ƙarshe, kafin wata makarantar birnin South Bend ta fitar da ita. Akasarin yaran sun dawo a shekara mai zuwa, wasunsu kuma, irin su Bobby Plump na ƙauyen Pierceville, tun suna ƙanana suke wasa tare. Sau biyu kaɗai aka ci su a duk shekarar, suka ci wasa 28.

Ran 20 ga watan Maris 1954, a zauren jami'ar Butler, gaban mutum wajen 15,000, Milan ta haɗu da babbar lise ta Muncie, mai ɗalibai fiye da 1,600, wadda ta riga ta ci kofin sau huɗu (1928, 1931, 1951, 1952). A kashin ƙarshe na wasan Muncie tana gaba da maki 28 da 26. A nan ne Wood ya sa Plump ya tsaya da ƙwallo a hannu fiye da minti huɗu, ko da yake ƙungiyarsa ce ke baya. Lissafinsa shi ne a rage lokacin da ya saura, don kada tsawo da ƙarfin ƴan Muncie su yi tasiri. Bayan haka aka yi kunnen doki, 30 da 30. Saura daƙiƙa 18 Milan ta nemi ɗan hutu, aka shirya cewa sauran huɗun su ja gefe guda su bar wa Plump fili. Ya jefa, ta shiga, aka tashi 32 da 30. Washegari an ƙiyasta mutum 40,000 suka taru a Milan don taryar yaran.

4. Abin da labarin yakan rufe

A kan hanyarta ta zuwa wasan ƙarshe Milan ta ci lise ɗin Crispus Attucks ta Indiyanafolis da maki 65 da 52. An buɗe wannan makaranta a shekara ta 1927 don a ware ɗalibai baƙar fata, kuma sai a 1942 aka yarda makarantun baƙar fata da na Katolika su shiga hukumar wasanni. Ke nan gasar da ake cewa ta kowa ce ta yi shekara talatin tana rufe ga wasu. A 1955 Attucks, da ɗan wasanta Oscar Robertson, ta ci kofin, ta sake ci a 1956 ba tare da an kada ta ko sau ɗaya ba. Amma a 1955, bayan ɗan zagaye a tsakiyar birni, aka karkata bikin zuwa wani lambu na unguwar baƙar fata. Fim ɗin Hoosiers na 1986, wanda ya ɗauko tushensa daga labarin Milan ya yaɗa shi duniya, ya ƙara nisa tsakanin shaharar nasarorin biyu.

Haka nan ƴan mata. Hukumar ba ta shirya masu gasar jaha ba sai a shekara ta 1976, bayan dokar tarayya ta 1972 da ta hana bambanta mace da namiji a makarantun da ke samun kuɗin gwamnati.

5. Sauyi biyu

Sauyi na farko ya zo da dokar jaha ta 1959 ta sake tsarin makarantu. Hujjar masu dokar ita ce, lise mai ɗalibai ɗari ba za ta iya samar da ɗakin gwaje-gwaje, ko malaman kimiyya da na harsuna ba. Aka shiga haɗe ƙananan makarantu, har yawan masu shiga gasa ya sauko ƙasa da 400. Garuruwa da dama sun yi tirjiya, kuma tsoron rasa ƙungiya yana cikin dalilansu. Milan ta tsira da sunanta, amma daga cikin makarantu tara da ta kada a gasar 1954, shida ba su wanzu yau: Cross Plains, Versailles, Osgood, Aurora, Montezuma da Gerstmeyer.

Sauyi na biyu ya shafi gasar kanta. A shekara ta 1996 hukumar ta yanke shawarar raba makarantu aji huɗu bisa yawan ɗalibai. An yi gasa guda ta ƙarshe a 1997. Masu goyon baya sun ce cikin shekara 43 babu makaranta mai ƙanƙantar Milan da ta sake cin kofin, kuma ba adalci ba ne a bar dubban yara suna shan kaye kowace shekara don riƙe labari guda. Masu adawa, ciki har da Bobby Plump, sun amsa cewa darajar gasar tana ga damar haɗuwa da babba, ko da za a sha kashi. Yawan ƴan kallo, wanda ya fara raguwa tun shekarun 1960, ya ƙara raguwa bayan rabon. An sake tada maganar a 2012 har a majalisar jaha, amma tsarin aji huɗu ya tsaya.

Kammalawa

Bisa ga abin da muka gani, sauye-sauyen biyu suna da hujja mai ƙarfi: na farko ya faɗaɗa abin da ake koyarwa, na biyu ya ba ƙananan makarantu kofin da za su iya ci. Amma kowanensu ya ɗauke wani abu da ba ya shiga lissafin masu tsara ilimi, wato dalilin da ke sa manomin da ba shi da ɗa a makaranta ya ɗauke ta tasa, ya kuma yarda ya biya harajinta. A Milan akwai gidan tarihi na ƙungiyar 1954, kuma an rubuta nasarar a jikin tankin ruwan garin. Yaran makarantar na yau suna wasa ne da takwarorinsu ƙananan makarantu, kuma dokar gasa ba ta ba su hanyar haɗuwa da babbar makarantar birni a wasan ƙarshe. Muna ba da shawara ga masu bincike a kan haɗe makarantu su riƙa ƙidaya wannan asara tare da ribar, tun kafin a rufe ƙofar makaranta.