FITILAR ALLO TA KORI DOGON ƘWAI DAGA OFISOSHI

Duk wanda ya shiga banki, ko asibiti, ko wani babban kanti a Legas, ko Abuja, ko Kano a 'yan shekarun nan, in ya ɗaga kai zai ga silin ya sake kama. Dogayen ƙwayayen lantarkin nan da a ke jerawa huɗu-huɗu cikin akwatin ƙarfe, masu ƙifta ido da gurnani kafin su kama, sun soma ja da baya. Abin da ya maye gurbinsu shi ne wani farin allo mai kusurwa huɗu, wanda ba a ganin ƙwai a cikinsa ko kaɗan, sai haske kawai. Masu sayar da kayan wuta suna kiransa fanel, watau fitilar LED ta allo.

Ba son ado kaɗai ya kawo wannan canji ba, aljihu ne ya yi kuka. A ranar 29 ga watan Mayu 2023 Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya ba da sanarwar janye tallafin man fetur, masu janareta suka ji a jikinsu. Ba a cika shekara guda ba, cikin watan Afrilu 2024, sai Hukumar Kula da Harkokin Lantarki, NERC, ta ɗaga kuɗin wuta ga masu rukunin A, waɗanda aka yi wa alkawarin wutar awa 20 a rana, daga misalin Naira 68 zuwa Naira 225 kowane yunit. An ɗan sassauta daga baya, amma bai sauko ƙasa da Naira 200 ba a shekarar 2024. Manyan ofisoshi da kantuna da yawa a wannan rukuni su ke. Tun daga nan mai ofis ya fara ƙirga ƙwayayen da ke bisa kansa.

Lissafin kuwa ba shi da wuya. Tsohon akwati mai ƙwai huɗu, kowane ƙwai wat 18, yana shan wat 72, in an haɗa da abin da cok ɗinsa ke ƙonawa a banza sai ya tasam ma wat 85. Allon LED mai faɗi ɗaya da shi, santimita 60 kowane gefe, yakan sha wat 36 zuwa 40, ya ba da hasken da ya kai na wancan. Ofishin da ke da fitila 20 ya rage wat 900 ke nan. In yana aiki awa 9 a rana, kwana 22 a wata, ya tsirar da yunit 178, watau fiye da Naira 35,000 a wata in an saka yunit a kan Naira 200. Ban da wannan, zafin da fitilu ke zubawa cikin ɗaki ya ragu, na'urar sanyaya ɗaki ta sami sauƙi, janareta ma ya huta.

Asalin abin ya daɗe. A 1962 wani injiniya na kamfanin General Electric a Amurka, Nick Holonyak, ya ƙera LED mai jan haske. Shekaru da dama aikinta bai wuce zama ɗan jan ido a jikin rediyo ba, domin an kasa samun mai shuɗin haske, kuma ba a samun fari sai da shuɗi. Masana uku 'yan ƙasar Japan, Isamu Akasaki da Hiroshi Amano da Shuji Nakamura, su suka warware wannan ƙulli a farkon shekarun 1990, aka ba su lambar yabo ta Nobel a 2014. Farin hasken da a ke gani a ofis yau shuɗi ne aka lulluɓe da wani sinadari mai launin rawaya.

Daɗin daɗawa, shi dogon ƙwai kwanansa ya ƙare ko da mai ofis yana sonsa. Akwai zaiba a cikinsa, ita kuwa guba ce. Ƙasashen da suka sa hannu a Yarjejeniyar Minamata ta 2013, har da Nijeriya, sun amince a taronsu na 2023 a ƙasar Suwizalan cewa za a daina ƙera irin waɗannan ƙwayaye da cinikinsu tsakanin ƙasashe zuwa ƙarshen 2027. Ƙasashen Afirka ne ma suka gabatar da shawarar. Tarayyar Turai kuwa tun 2023 ta hana shigar da sababbinsu kasuwa.

WAT BA SHI NE HASKE BA

Kuskuren farko da mai saye ke yi gadonsa ya yi daga zamanin ƙwan Edison. A da in an ce ƙwai wat 100 ne, an san ya fi mai wat 60 haske, shi ke nan. Amma wat ma'aunin wutar da fitila ke sha ne, ma'aunin hasken da ta ke bayarwa shi ne lumen. Tsohon ƙwai mai zare yakan ba da lumen 10 zuwa 15 a kowane wat. Allon LED na kirki yakan ba da 100 ko fiye. Saboda haka in an ga kwali an rubuta masa wat 48 da manyan baƙaƙe, amma an nemi lumen an rasa, to akwai lauje cikin naɗi. Wasu allunan ma ko wat ɗin da aka rubuta ba gaskiya ba ne, ɗan ƙaramin mita na gwaji da mai aikin wuta ke riƙewa yakan tona asirinsu nan take.

Hasken da ya sauka a kan tebur kuma da luks a ke auna shi. Ƙa'idar ƙasashen Turai, wadda injiniyoyi da yawa ke aiki da ita, ta tanadi luks 500 ga wurin karatu da rubutu da aikin kwamfuta, 750 ga masu zanen taswirar gini, 100 kacal ga baranda. A ɗauki ɗaki mai tsawon mita 6, faɗin mita 5, watau murabba'in mita 30. Yana bukatar lumen 15,000 a bisa teburori. To amma ba duk hasken da ya fito daga silin ne ke isa tebur ba. Bango yana shanye wani, ƙura ta danne wani, tsufan fitila ya tafi da wani. Injiniyoyi sukan ɗauka kusan rabi ne ke isowa. Sai a nemi lumen 30,000, watau allo 8 masu lumen 4,000 kowanne. Fentin bango ma yana da ta cewa: ɗakin da aka shafe da fari ya fi mai duhun fenti arahar haskakawa.

Sa'an nan ga maganar launi, inda son zuciya ya fi shiga. Mutanen ƙasar nan suna son farin haske ƙal mai ɗaukar ido, wanda a ke rubuta wa 6500K, don gani su ke shi ne mai ƙarfi. Ba ƙarfi ya fi ba, shuɗi ya fi. Ma'aikacin da zai wuni a ƙarƙashinsa yana duban takarda da kwamfuta, 4000K ya fi masa daɗin ido. Mai 3000K, mai ɗan ja-ja, ya fi dacewa da otal da gidan abinci. Abin da bai kamata ba shi ne a gauraya su a ɗaki guda, silin ya koma dabbare-dabbare.

Akwai wata lamba kuma da ba kowa ke kula da ita ba, ana rubuta ta Ra ko CRI, tana nuna yadda fitila ke fito da launin abu na gaskiya, daga 0 zuwa 100. Ga ofis 80 ta wadatar. Amma ɗan kasuwar Kantin Kwari da ke sayar da shadda da atamfa da leshi, ko mai kantin kayan kwalliya, ko mai maɗaba'a, kada ya yarda da ƙasa da 90. In ba haka ba, mace za ta zaɓi atamfa a cikin shago tana ganin ja ce jawur, ta fita rana ta ga wani launi dabam, ta komo da rigima. Masu tufafi sun daɗe da sanin wannan, shi ya sa a ke ganin mai saye yana jan yadi zuwa bakin ƙofa.

DIREBA SHI NE RAN FITILA

Alluna iri biyu ne. Akwai wanda aka jera ƙwayoyin LED a gefunansa, wani faifan roba ya watsa hasken. Wannan siriri ne ƙwarai. Akwai kuma wanda ƙwayoyin ke baya suna haskowa kai tsaye; ya fi kauri, amma yawanci ya fi araha da ba da haske. Ciwon na farkon shi ne, in faifan na robar banza ne, zafi yakan sa ya yi rawaya daga tsakiya bayan ɗan lokaci, kamar tsohuwar takarda. Wanda aka yi da robar da a ke rubuta wa PMMA ba ya saurin yin haka.

Amma abin da ya fi kashe fitilar allo ba allon ba ne. Kowace tana da wani ɗan akwati a bayanta, masu aikin wuta suna ce masa direba, aikinsa shi ne ya karɓi wutar bolt 230 ya mai da ita irin wadda LED ke sha. Kwali zai ce fitila za ta yi awa 30,000 ko 50,000, ma'anar wannan kuwa ita ce a lokacin nan haskenta ya ragu zuwa kashi 70 cikin 100. Ƙwayoyin suna iya kai wa haka. Direba ne ba ya kaiwa. A cikinsa akwai wani ɗan gwangwani mai riƙe caji, wanda masana suka ce duk ƙarin zafi na digiri 10 yana raba kwanansa biyu. To a tuna da yadda tsakanin silin da kwano ke zama a Sakkwato ko Maiduguri cikin watan Afrilu, lokacin da zafin inuwa ma ya haura digiri 40. A ƙara da halin wutarmu, wadda takan zo da rauni yanzu, an jima ta zo da hauka, da kuma bugun da a ke samu duk sa'ad da aka juya daga layin kamfani zuwa janareta. Mai wayo yakan nemi direban da aka rubuta masa cewa yana jure hawa da saukar wuta, wanda kuma a ke iya cirewa a sake wani ba tare da an jefar da allon ba. Na'urar tare bugun wuta a babban akwatin raba wuta kuɗinta bai kai na fitila kaɗan ba.

Direba mara kyau yana da wata illar da ido ba ya gani. Yakan sa haske ya riƙa rawa sau 100 a daƙiƙa, wasu ma'aikata su tashi da ciwon kai da gajiyar ido ba su san dalili ba. Gwajin yana da sauƙi: a kunna fitilar a kanti, a dube ta da kyamarar wayar hannu. In an ga baƙaƙen layuka suna gudu a fuskar wayar, a ajiye ta.

Akasarin allunan daga ƙasar Sin su ke zuwa, musamman lardin Guangdong, inda garin Guzhen ya shahara da ƙera fitilu. Su sauka Legas, kasuwar Alaba ta rarraba su zuwa Anaca da Abuja da Sabon Garin Kano. Masu kyau da marasa kyau duk hanya ɗaya su ke biyowa, ɗan kasuwa ne ke zaɓar darajar da ya ke so a ƙera masa. Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki, SON, tana da tsarin SONCAP tun 2005 na tantance kayan da a ke shigowa da su, amma tambari a jikin kwali ba ya hana mai saye neman takardar garanti a rubuce, mai ɗauke da sa hannun mai kanti. Araha dai ba ta ado.

Wajen kafawa, silin mai gidaje-gidaje na ƙarfe shi ya fi sauƙi, sai a ɗaga falle ɗaya a ɗora allon a gurbinsa. Duk da haka ya kamata a ɗaure shi da 'yar igiyar ƙarfe a jikin dakin ko katakon rufi, kada nauyinsa ya dogara da siraran ƙarafan nan kaɗai. Silin POP, wanda ya zama yayi a ƙasar nan, yana bukatar firam na musamman, ko na nutsarwa ko na mannawa, kuma tun kafin a yi POP ɗin ya kamata a san inda kowace fitila za ta zauna, tare da barin ƙofar da hannu zai kai ga direba. Da yawa an fasa silin mai tsada saboda direba guda ya mutu a inda ba a iya kai masa. Kada kuma a danne shi da soso ko tarkacen gini, yana son iska.

Sauran ƙa'idodin tsofaffi ne, sai dai an fi karya su: waya ta tagulla mai girman murabba'in milimita 1.5, wayar ƙasa a haɗe, mahaɗa cikin akwati ba a murɗe da salatif ba. Kada a tara fitilu masu yawa a kan birka ɗaya, domin a lokacin kunnawa direbobi sukan fizgi wuta mai yawa na ɗan ƙiftawar ido, birkar ta yi ta faɗuwa. A raba makunni, layin da ke kusa da taga dabam, don a kashe shi da rana. Wurin da ke da ƙura ko danshi, kamar kicin da sito, a nemi mai lambar IP54 ko IP65, in ba haka ba hunturu ɗaya ya isa ya cika allon da ƙura da matattun ƙwari. A matakala da hanyar fita a sa masu batir da za su ci gaba da haske in an ɗauke wuta. Hukumar NEMSA, wadda dokar 2015 ta kafa, ita ke ba 'yan kwangilar lantarki takardar shaida, kuma mai ofis yana da ikon cewa a nuna masa ita kafin a hau tsani.

Tsofaffin ƙwayayen da aka sauke kuwa, kada a jibge su a bola inda yara za su mai da su takubba, ko 'yan jari-bola su farfasa su don neman ƙarfen bakinsu. A mai da su cikin kwalayensu ba tare da an fasa ba, a tuntuɓi hukumar tsabtace muhalli ta jiha. In ɗaya ya fashe a ofis, a buɗe tagogi, mutane su fita na ɗan lokaci, sa'an nan a kwashe garin da kwali da jiƙaƙƙen tsumma, ba da tsintsiya ba.