Me Ya Sa Ƙarin Ma'aikata Ke Jinkirta Aikin Manhaja?

Idan noma ya fi ƙarfin mai gona, sai ya kira gayya. Kowa ya kama kunyarsa, kafin azahar an tashi. Haka shugabannin kamfanoni da yawa suke ɗaukar aikin rubuta manhajar kwamfuta: wa'adi ya matso, aiki bai kammala ba, sai a ɗebo sababbin ma'aikata. Fred Brooks ya nuna cewa wannan dabara ƙara jinkiri take yi.

Brooks ya ga abin da idonsa. Shi ya jagoranci aikin kwamfutocin System/360 na kamfanin IBM a Amurka cikin shekarun 1960, da manhajar da ke tafiyar da su, OS/360, wadda ta makara, ta kuma ci kuɗi fiye da yadda aka tsara. Daga wannan wahala ya rubuta littafinsa The Mythical Man-Month a 1975, kuma har yau masu sana'ar suna karanta shi.

Sabon ma'aikaci, komai ƙwarewarsa, bai san inda aka kwana ba. Dole wani tsohon hannu ya ajiye nasa aikin ya zaunar da shi, ya nuna masa yadda aka gina sassan manhajar da dalilin gina su haka. Wanda aka fi buƙata a kan aiki shi ne ya koma malami.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne lissafin tuntuɓar juna. Sassan manhaja a sarƙe suke, wanda ya taɓa nan sai ya sanar da mai kula da can. Tsakanin mutum 5 akwai hanyoyin magana 10. Mutum 10, hanyoyi 45. Idan suka kai 50, hanyoyin sun zama 1,225. Yini sai ya ƙare a taro da warware rashin fahimta, ga kurakuran da baƙin hannu ke shigarwa ba da gangan ba.

Wasu ayyukan kuma ba sa rabuwa ko kaɗan. Ba a gwada sashen da ba a rubuta ba tukuna, ko da mutum ɗari na zaune suna jira.

Ƙarin hannu yana iya amfani idan an yi shi tun farkon aiki. Amma idan an riga an makara, zaɓin da ya fi gaskiya biyu ne: a ɗaga wa'adin, ko a zauna da mai aikin a rage abubuwan da manhajar za ta yi a fitowarta ta farko.