Dalmar da ke Kwance a Ƙashin Uwa

A garin Minamata da ke bakin teku a kudancin Japan, likitoci sun ci karo da abin da ya ɗaure musu kai a shekarun 1950. Mace ce garau, tana girkinta tana wankinta, amma sai ta haifi ɗan da har ya girma bai iya riƙe wuya ba, ba magana, gaɓoɓi a sandare. Masana'antar Chisso ta daɗe tana malalar da dagwalo mai ɗauke da zaiba cikin teku, gubar ta taru a jikin kifi, masunta da iyalansu suka ci. An tabbatar da ɓullar cutar a hukumance a 1956. Kafin nan, likitoci da dama na ɗaukar mabiyiya tamkar rariya, wadda ke tace jinin uwa ta hana mugun abu isa ga ɗan tayi. Jariran Minamata suka rushe wannan zato. Bincike na baya ma ya nuna cewa irin wannan zaibar ta fi yawa a jinin cibiya fiye da jinin uwar kanta. Wato lafiyar mai ciki a ido ba hujja ba ce cewa abin da ke cikinta ya tsira.

Dalilin bai da wuyar fahimta. Ƙwaƙwalwar babba ginanniya ce, ta ɗan tayi kuwa ana kan aza tubalinta. Tun cikin watan farko, kafin mace ta gama tantance ko ɓatan wata ne ko ciki, an fara shata ƙwaƙwalwa da laka. Daga nan ƙwayoyin halitta ke ta hayayyafa, kowace na tafiya zuwa mazaunin da aka tanadar mata. Zaiba kan dagula wannan tafiya, kuma ƙwayar da ta ɓace hanya ba ta da damar komawa. Kadmiyam da ke cikin hayaƙin taba da arsenik da ya gurɓata rijiyoyin Bangaladash su ma an danganta su da haihuwar jarirai marasa nauyi. Amma a ƙasar Hausa, wanda ya fi cancantar a tsaya a kansa shi ne dalma.

Dalma mayaudariya ce: jiki yana ɗaukar ta a matsayin kalsiyam, sinadarin da ake gina ƙashi da haƙori da shi. Idan ta shiga jini, cikin 'yan makonni wani kaso yana fita, saura kuwa sai jiki ya kai shi ƙashi ya adana. Fiye da kashi 90 cikin 100 na dalmar da ke jikin babba a ƙashi da haƙora take, kuma tana iya kwana a can shekaru gommai. To, idan ciki ya tsufa, ɗan tayi na gina nasa ƙasusuwan, jikin uwa sai ya buɗe rumbunsa ya ɗebo kalsiyam daga ƙashinta, musamman in abincinta bai wadata ba. Tare da shi dalmar ke fitowa, ta bi jini, ta ratsa mabiyiya. Sakamakon na iya zama ɓari, ko haihuwar bakwaini, ko hawan jini ga uwar, ko kuma abin da ya fi yawa ya kuma fi ɓuya: raguwar kaifin basira. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani mizanin dalma a jini da aka san ba ya cutarwa. Don haka duk gargaɗin da ya fara daga ranar da mace ta je awo ya makara, balle inda kunyar cikin fari kan sa a ɓoye shi wata da watanni.

Wannan magana ta shafi Zamfara kai tsaye. A 2010 ƙungiyar likitoci ta MSF ta gano cewa yara na mutuwa rututu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma, daga baya aka gano girman abin a Bagega. Duwatsun da ake haƙowa don neman zinare cike suke da dalma. Ana kawo su cikin gida, a farfasa, a daka a turmi, a kai injin niƙa, a shanya a tsakar gida inda ake shanya hatsi. Ƙurar ta kwanta a tabarma, a kwanon tuwo, a tafin yaro mai rarrafe. An ƙiyasta yara fiye da 400 sun rasu, an yi wa dubbai magani. A 2015 abin ya sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, inda yara aƙalla 28 suka rasu. An ƙirga waɗanda suka mutu. Amma yarinyar da ke da shekara biyar a Bagega a 2010, ta sha ƙurar ta rayu, yau ta kai munzalin aure da haihuwa, kuma an kankare ƙasar gidansu ne, ba a kankare ƙashinta ba.

Ba haƙar zinare kaɗai ke shigar da dalma gida ba, har da kwalli. Wani zai ce ai kaka da kakanni ake sa kwalli, ana kuma ɗiga wa jarirai, ba a ga kowa ya faɗi ba. Gaskiya ne ba a faɗuwa, shi ya sa aka daɗe ba a gane ba. Ɓarnar ƙaramar dalma ba ta zuwa da zazzaɓi ko ƙurji. Yaro ne kawai za a ga ya yi nawar magana, ko ya kasa riƙe karatu, a ce masa daƙiƙi, malam ya ƙara masa bulala. Kwallin dutse mai walƙiya sau da yawa ma'adinin dalma ne. A 2012 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da rahoton wani jariri ɗan asalin Najeriya a Boston da aka samu dalma a jininsa, da aka auna tozalin da ake sa masa sai aka tarar fiye da kashi 80 cikin 100 dalma ce. Ba kowane kwalli ne haka ba, amma ido ba ya bambancewa a kasuwa. Haka farar ƙasar da kwaɗayin ciki kan sa mata ci, da man bilicin da ake zuba wa zaiba don ya yi saurin aiki.

Hujjar da ta fi nauyi ita ce ta talauci. Manomin da zinare ya rufa wa asiri ba zai bar rami don gudun cutar da ba ya gani ba, kuma a ganina wanda ya ce masa ya bari kawai bai san ƙauye ba. Haramci ma yakan mayar da aikin cikin ɗaki a ɓoye, kusa da mata da yara. Abin da ya yi amfani a Zamfara mai sauƙi ne: a fitar da niƙa bayan gari, a jiƙa dutse kafin a niƙa don ƙura ta kwanta, ma'aikaci ya yi wanka ya sauya tufafi kafin ya shiga gida. Ƙona zaiba, wadda tururinta ba shi da wari, don fitar da zinare bai kamata a yi shi a murhun girki ba. Duk waɗannan a hannun maigida da masu gari da hukuma suke, ba a hannun mai ciki ba.

Saura masu cewa ai akwai magani. Akwai ƙwayar da ke janye dalma daga jini, ta kuma ceci rayuka a Anka. Sai dai ba ta gyara ƙwaƙwalwar da ta riga ta taɓu, kuma likitoci na ɗari-ɗarin ba mai ciki ita sai in dalmar ta yi yawa ƙwarai. Isasshen kalsiyam da maganin ƙarin jini na rage abin da jiki ke tsotsa da wanda ƙashi ke saki, kuma duka ana iya bayarwa a asibitin karkara. Kafin a kai ga gwajin jini ma, akwai tambaya mai arha da ma'aikaciyar awo za ta iya ƙarawa kan waɗanda ta saba yi: a wane ƙauye kika tashi, kuma ana niƙa dutse a gidanku?